Wace Fanka Ce Ta Dace Da Lagireton Kwamfuta?

Idan mota ta ɗauki zafi a hanya, direba yakan ratse gefen titi ya ɗaga bonet, kuma abu biyu yake fara dubawa: akwai ruwa a lagireto? Fanka tana juyawa? Ɗalibai da yawa za su yi mamaki idan muka ce akwai kwamfutocin da su ma waɗannan tambayoyi biyu ake yi a kansu. Manyan kwamfutocin tebur da ake haɗa fina-finai da su, ko zanen gine-gine, ko wasannin bidiyo masu nauyi, da yawansu suna ɗauke da ƙaramin lagireto a cikinsu, da famfo, da tiyo biyu, da fankoki. A wannan makon a kan fankokin za mu tsaya, domin su aka fi rainawa, kuma a kansu ne masu koyon haɗa kwamfuta suke yawan zubar da kuɗinsu a banza.

Bari mu fara da inda zafin yake fitowa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, ba ta wuce kwalin ashana faɗi ba, amma wutar da take ci ba kaɗan ba ce. Furosesar Core i9-13900K da kamfanin Intel ya fitar a 2022 tana iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Ku tuna tsohon ƙwan lantarkin nan mai wat 60 da ba ya taɓuwa idan ya daɗe a kunne. To ku haɗa guda huɗu, ku tara zafinsu duka a kan kwalin ashana. Kusan duk wutar da furosesa ta ci zafi take komawa, kuma dole a kwashe shi nan take.

A kwamfuta mai sanyaya ta ruwa, ana ɗora farantin jan ƙarfe a kan furosesa. Ruwa yana ratsa wasu siraran hanyoyi a bayan farantin yana ɗebe zafin, famfo ya tura shi ta tiyo zuwa lagireto. A can ruwan yana bi ta faffaɗan bututu masu siranta, waɗanda aka liƙa wa ɗaruruwan ganyayyakin ƙarfe a tsakaninsu. Zafin ya bar ruwa ya shiga ganyayyakin, ruwan ya koma ta ɗaya tiyon ya sake ɗebo wani. Ku lura da kyau, ruwan nan ɗan dako ne kawai. Ba ya kashe zafi, kai shi yake yi lagireto ya sauke. Mai kwashe kayan daga nan ita ce iska, mai kawo iskar kuwa ita ce fanka. Idan fanka ta gaza, ɗan dako zai yi ta komawa da kayansa a ka, har ruwan ya yi zafin da ba zai iya ɗaukar ƙari ba.

Mu a nan wannan magana ta fi shafarmu. Ruwan lagireto ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba, komai tsadar fankar. Masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka galibi suna gwajinsu ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 da ɗoriya. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kuwa, a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma ba kowane ɗaki ke da na'urar sanyaya ɗaki ba. Duk digirin da ɗakinka ya ɗara nasu, kusan haka furosesarka za ta ɗara tasu. Ita kuma tana da iyaka. Yawancin jerin Ryzen 7000 na kamfanin AMD a digiri 95 suke tsayawa, yawancin na Intel na wannan zamani a digiri 100. Da ta kai iyakar, sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ka biya kuɗin doki, ka koma tafiyar jaki.

Lissafin ajin kimiyya

Waɗanda ke ajin kimiyya za su gane wannan lissafi, domin shi ne dai wanda malam ke rubutawa a allo: yawan zafi daidai yake da nauyin abu, sau zafin da kilo ɗaya nasa ke sha kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, sau yawan digirin da ya ƙaru. Kilo ɗaya na iska yana shan kusan jul 1,000 kafin ya ƙara digiri ɗaya. Ɗaki mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, wato mita mai kwalli ɗaya, yana ɗauke da kusan kilo 1.2 na iska. A ce furosesa tana fitar da wat 200, wato jul 200 a kowace daƙiƙa, kuma muna so iskar da ta ratsa lagireto ta fita da ƙarin digiri 10 kacal. Kenan muna bukatar kilo 0.02 na iska a daƙiƙa. Idan kuka juya shi zuwa awa, za ku samu kusan mita mai kwalli 60. Idan muna so ƙarin ya tsaya a digiri 5, sai iskar ta ninka zuwa 120.

Wani zai ce ai da sauƙi, tunda a jikin kwalin fanka ɗaya ma ana ganin an rubuta 100. A nan gizo yake saƙar. Lissafinmu yana magana ne a kan iskar da ta ratsa lagireto ta fita ta ɗaya gefen. Lambar jikin kwali kuwa an auna ta ne fanka tana juyawa a sarari, babu komai a gabanta.

Mafici da zuga-zugi

Ku kwatanta mafici da zuga-zugin maƙeri. Mafici yana motsa iska mai yawa, yana sanyaya fuska, amma sa shi a bakin siririn bututu ka ga ko wani abu zai fito ta ɗaya bakin. Zuga-zugi kuwa iskarsa ba ta da yawa, sai dai yana matsa ta da ƙarfi har ta bi ta ƙaramar kafa ta isa gindin gawayi. Fankokin kwamfuta ma haka suka rabu. Akwai masu halin mafici, waɗanda aka yi don su fitar da iska daga akwatin kwamfuta ta wurin da babu shamaki. Akwai masu halin zuga-zugi, waɗanda aka yi don su tura iska ta cikin matsatsi. Lagireto matsatsi ne. A irin wanda ake sayarwa a haɗe da famfonsa, ganyayyakin ƙarfen sukan kai kusan 20 a kowane inci, kaurinsa kuma kusan milimita 27, wasu har 38. Iskar da ba ta da turi, da ta daki wannan sai ta dawo baya ta sulale ta gefen fikafikai.

Don haka lambobi biyu ake rubutawa a kwali. Ta farko yawan iska ce, za ku gan ta da alamar CFM ko m³/h, kuma CFM ɗaya kusan 1.7 ne a ɗaya ma'aunin. Ta biyu ƙarfin turi ce, da alamar mmH2O. Ma'anarta mai ban sha'awa ce: idan aka toshe gaban fankar gaba ɗaya aka haɗa ta da bututu mai ruwa, milimita nawa za ta iya ɗaga ruwan? Fankar kirki tana ɗaga shi milimita 2 zuwa 3 ne kawai. Nauyin iskar duniya da ke kanmu kullum yana ɗaga ruwa sama da mita 10. Kun ga ashe a kan ɗan ƙanƙanin abu ake wannan gasa, amma shi ke raba fankar da ta yi aiki da wadda ta yi ta juyi a banza.

Ga misali daga kamfani guda, don kada a ce ma'auni ya bambanta. Kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, mai fankokin nan masu launin ƙasa-ƙasa da ake yi wa dariya, yana da NF-S12A wadda ke ba da 107.5 a yawan iska, turinta kuma 1.19. Yana kuma da NF-A12x25 wadda ya fitar a 2018, yawan iskarta 102.1, turinta 2.34. Wanda ya dubi lambar farko kaɗai zai ɗauki ta farkon. Amma a ɗaura su a lagireto, ta biyun ce za ta yi nasara, kuma kamfanin da kansa bai yi ta farkon don lagireto ba.

Sai dai kada ku ɗauka babbar lambar turi ita ce ƙarshen magana. Wannan kamfani yana da NF-F12 mai turi 2.61, wanda ya fi na NF-A12x25 a takarda, amma duk da haka sabuwar ce ta fi ta aiki a lagireto. Dalili kuwa, an auna yawan iska ne babu shamaki ko kaɗan, an auna turi kuma a toshe ruf, iska ba ta wucewa. Lagireto ba buɗe yake ba, ba kuma toshe yake ba, yana tsakiya. Abin da fanka ke yi a wannan tsakiya shi ne ainihin aikinta, kuma lambobin biyu ba sa faɗa. Kamfanonin kirki sukan buga zane mai lanƙwasasshen layi da ke nuna yawan iska a kowane matakin matsi. Idan kun samu wannan zane, tsakiyar layin za ku duba, ba bakinsa biyu ba. Wadda layinta ya fi tsayawa sama a tsakiya ita ce taku.

A kasuwa, ko a Titin Beirut a Kano ne ko a Banex a Abuja, ba lallai ka samu zane ba, wani lokaci ko kwalin ma babu. To ido ma yana aiki. Ɗaga fankar ka duba ta a haske. Idan fikafikanta faffaɗa ne, sun lanƙwashe sun kusan rufe juna har ba ka ganin bayanta sosai, mai turi ce. Idan sirara ne da manyan giɓi a tsakaninsu, mafici ce. Duba kuma tazarar da ke tsakanin bakin fiffike da jikin firam, domin ta nan iska ke guduwa baya. A NF-A12x25 tazarar rabin milimita ce, abin da ya sa sai da suka nemo wata roba ta musamman wadda ba ta miƙewa da tsufa. Sannan firam ɗin ya zama mai kusurwa huɗu cikakke da zai kwanta a jikin lagireto ya rufe ko'ina. Fankokin ado masu zagayayyen firam suna barin kafofi a kusurwoyi, iska ta zurare ta nan.

Girma ba ya bukatar dogon bayani. Lagireton da aka kira 240 fanka biyu yake ɗauka masu milimita 120, na 360 uku. Na 280 biyu yake ɗauka masu milimita 140, na 420 uku. Ramukan notinsu ba ɗaya ba ne, don haka ta 120 ba ta hawa gurbin ta 140. Kaurin da aka saba milimita 25 ne. Akwai masu 30, irin su Phanteks T30, masu ƙarfi ƙwarai, amma a auna akwatin tukuna, kada su tokari sandunan ma'adana da ke tsaye a kan babban allo.

Gudu da ƙara

Matasa suna son babbar lamba, kuma lambar da ta fi ruɗarsu ita ce RPM, wato yawan juyi a minti. Gaskiya ne gudu yana ƙara ƙarfi. Idan ka ninka gudun fanka, yawan iska zai ninka, turi zai ninka sau huɗu, wutar da take bukata kuma kusan sau takwas. Amma ƙararta za ta ƙaru da kusan desibel 15, alhali ƙarin desibel 10 kaɗai kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Sanyin da za a samu kuwa ba ya ninkawa, domin bayan wani mataki ba iska ce ke yi wa zafin tarnaƙi ba, farantin jan ƙarfen ne da ita kanta furosesar. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A ganinmu fankar da iyakar gudunta ke tsakanin 1,800 da 2,000 ta ishi kusan kowa, a bar ta tana tafiya a 1,000 zuwa 1,200 a aikin yau da kullum, ta tashi idan aiki ya yi nauyi ko bazara ta kankama. Lambar ƙara da ke jikin kwali kuwa kada ku kwatanta ta tsakanin kamfanoni biyu, kowa da yadda yake aunawa. Haka nan fanka takan ƙara ƙara idan aka ɗaura ta a lagireto.

Wannan ragewa da ƙarawa ya dogara ne da wayar fankar. Mai baki uku, ana rage gudunta ne ta rage mata wuta daga bolt 12, kuma idan aka rage da yawa sai ta tsaya cak. Mai baki huɗu, wadda za ku ga an rubuta mata PWM, wutarta ba ta canzawa, waya ta huɗun ce ke kai mata saƙon gudun da ake so, don haka tana iya tafiya a hankali ƙwarai ba ta tsaya ba. Ita ce ta dace da lagireto. A jona fankokin a mazaunin da aka rubuta wa CPU_FAN, famfo kuma a nasa. Yawancin waɗannan mazaunai amfiya ɗaya suke iya bayarwa. Fankar gida tana jan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba sau da yawa, don haka uku a mazauni ɗaya ba laifi. Amma akwai kakkauran fankokin manyan kwamfutocin kamfanoni da ke zuwa cikin kayan gwanjo, masu araha da iska kamar guguwa. Wasunsu suna jan amfiya 2 ko 3. Jona irinsu kai tsaye yana iya ƙona mazaunin, kuma kuɗin babban allo ya ninka na fanka sau da yawa. A juya bayan fanka a karanta takardar da ke liƙe kafin a jona.

Masu fitilu masu launi ma a kula. Wayar fitila daban take da ta injin fanka, kuma iri biyu ce: mai bolt 5 da mai bolt 12. Wanda ya soka ta 5 a mazaunin 12 ya yi ban kwana da fitilunsa. Ba mu hana ado ba, amma fitila ba ta rage ko digiri ɗaya.

Sai boris, wato abin da sandar fanka ke juyawa a cikinsa. Mafi araha hannun riga ne na ƙarfe da ɗan mai a ciki. Zafi yana busar da man, kuma ba ya son a kwantar da fankar, alhali lagireton da aka ɗaura a saman akwati a kwance fankokinsa suke. Mai ƙwallaye yana jure zafi da kowace irin ɗauri, sai dai yana da 'yar ƙara. Wanda aka rubuta wa FDB, mai man da aka rufe a ciki yana zagayawa, shi ya haɗa shiru da daɗewa, kuma yanzu ba shi da tsada. Idan ta hannu za ka saya, kaɗa fikafikan da yatsa ka kai kunne. Idan ka ji gurzawa, ko ka ga tana rawa gefe da gefe, ajiye ta.

Wajen ɗaurawa

Iska tana shiga ta buɗaɗɗiyar fuskar fanka, ta fita ta gefen da sandunan riƙe inji da takarda suke. Da yawa suna da 'yan kibiyoyi a jikin firam masu nuna haka. Duk fankokin lagireto ɗaya su fuskanci gefe guda. Ana iya sa su su tura iska cikin lagireto, ana iya sa su a baya su zuƙo ta. Bambancin sanyi kaɗan ne, amma ga mu masu hunturu akwai abin dubawa. Ƙura tana taruwa ne a fuskar da iska ke shiga. Idan fankokin turawa suke yi, ƙurar tana ƙarƙashinsu, sai an kwance su kafin a share. Idan zuƙowa suke yi, fuskar a buɗe take, buroshi mai laushi ya isa. A lokacin hazo a riƙa dubawa duk bayan 'yan makonni, domin lagireton da ƙura ta toshe ya fi ƙarfin kowace fanka. Idan da abin hura iska za a share, a riƙe fikafikan da yatsa kada su yi gudun da ya wuce ƙa'ida. Raga mai tace ƙura tana taimakawa, amma ita ma wani matsatsin ce, wanda ke ƙara nuna amfanin fanka mai turi.

Abu ɗaya da ke lalata lagireto nan take shi ne dogon noti. Notin da aka yi wa fanka mai milimita 25 yakan kai kusan milimita 30, ya ratsa fankar ya ɗan kama lagireto. Idan aka ɗaura shi babu fanka a tsakani, ko aka samo wanda ya fi shi tsawo, bakinsa zai iya huda bututun ruwa. Ruwa kuma a kan babban allo da katin hoto, kun san sauran labarin. A yi amfani da notin da ya zo da lagireton, gajeru na akwati, dogaye na fanka.

To shin dole ne a canja fankokin da suka zo da na'urar? Yawanci a'a. Kamfanonin sun san lagireto suke sayarwa, masu turi suke haɗowa da shi. Tsakanin fanka mai kyau da wadda ta fi kowacce, sau da yawa digiri kaɗan ne, kuma ribar tsadar ta fi fitowa a shiru. Canji yana da dalili idan fanka ta mutu, ko ta fara kuka, ko an sayi na'urar ta hannu babu fankoki, ko wani ya riga ya ɗaura mata mafici. A irin wannan hali, Arctic P12 mai baki huɗu, mai gudun da ya kai 1,800 da turi 2.2, ta yi suna wajen araha da aiki. A kasuwannin Turai da Amurka kuɗin Noctua ɗin nan guda ɗaya yakan yi kusan daidai da kwalin P12 mai guda biyar. Ɗalibin da ya tara kuɗinsa daga aikin hutu, mu dai ta biyun za mu nuna masa, ya sa ragowar a ƙarin ma'adana. Wanda kuma furosesarsa matsakaiciya ce, mai cin wat 65 ko kusa da haka, ba ya ma bukatar ruwa. Na'urar sanyaya ta iska zalla ta ishe shi, kuma babu famfon da zai mutu.

Kafin ku kashe ko sisi, ku auna. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafin furosesa da gudun fankoki. Ku ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti 20 zuwa 30, domin ruwa yana daɗewa kafin ya yi zafi, kuma gwajin minti biyu zai yaudare ku. Ku rubuta zafin furosesa, ku rubuta na ɗakin, ku ɗebe na biyu daga na farko. Wannan ragowar ita ce za ku kwatanta bayan kun share ƙura ko kun canja fanka, ko da gwaji ɗaya da safe aka yi, ɗayan da azahar. Sannan ku taɓa tiyon biyu da jikin lagireton. Idan lagireto ya yi ɗumi sosai, zafi yana isowa amma ba a kwashe shi, matsalar iska ce. Idan kuwa furosesa tana ƙuna amma lagireto da sanyinsa, zafin bai ma iso ba, sai a koma kan famfo ko man da ke tsakanin faranti da furosesa.